Mota Tana Hanya

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna bai yi nisa ba, a firamare na tsaya, kuma ni ko cikin mutum uku aka ce in yi magana sai harshena ya yi nauyi. Amma in na yi shiru, abin da za a riƙa faɗa kawai shi ne hawan jini ya tafi da Anti Rediyo. Ni kuwa ina cikin ɗakin.

Ina tsakiyar guga na ji ƙarar. Ba mai ƙarfi ba ce. Kamar an saki ƙunshin wanki a ƙasa, sai kofi ya biyo baya yana gangarawa a kan siminti, ya daɗe yana juyi kafin ya tsaya. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinmu da nata. Na ɗaga dutsen guga, na kasa kunne. Muryar wayarta tana ta zuba kamar kullum, amma ita ban ji ta ba. Abin da ya fara tsorata ni ke nan, don Anti ba ta barin muryar nan ta yi magana ita kaɗai. Sai ta tanka mata, ko ta zage ta, ko ta yi mata dariya.

Yaran gidanmu ne suka sa mata Anti Rediyo, saboda daga safe har yamma ɗakinta ba ya rabo da surutu. Ba rediyo ba ne. Wayarta ce take karanta mata duk abin da yatsanta ya taɓa, da wani irin sauri wanda in ba ka saba ba sai ka ɗauka tsuntsaye ne suke faɗa. Tun tana budurwa ta rasa idonta. Mijinta ya rasu, ɗanta guda kuma direban babbar mota ne, sai ya daɗe bai kwana a gari ba.

Aikinta na jima ban gane shi ba. Wani ofis ne yake turo mata manhajoji, irin waɗanda ake sa wa a waya don sayen magani ko neman mota, tun kafin a sake su ga jama'a. Ita kuma sai ta shiga da kunne da yatsa, ta bi su lungu-lungu, ta ga ko makaho zai iya shiga ya fita shi kaɗai. Duk inda ta maƙale sai ta ɗauki muryarta ta tura musu. Ta bango nake jin ta.

“Yarana, sannunku da ƙoƙari. Amma shafin nan naku, duk abin da na taɓa sai ya ce min sunansa maɓalli. Wannan maɓalli, wancan maɓalli. Haba! Ko 'yan uku mace ta haifa ai takan bambanta musu suna.”

Ni 'Yar Shiru take ce min. Tunda na dawo hannun Yayana mai fenti da matarsa nake yi wa mutane guga a baranda, ita kuma in muryar ta kasa gaya mata abu sai ta buga bango.

“'Yar Shiru, zo ara min idonki, yanzu zan maido miki.”

Ana gobe abin zai faru ma ta ari idon nawa. Wayarta ta aiki ta faɗa ruwa, tana wurin mai gyara, don haka a satin a cikin tata wayar take zuba abin da ofis ya turo. Fuskar wayar kullum baƙa ce ƙirin. Ta ce me za ta yi da haske, caji kawai yake sha, kuma yana ba 'yan leƙe abin kallo. Sai in za ta nuna min abu take buga fuskar da yatsu uku, haske ya kawo. Ban taɓa lura da sau nawa take bugawa ba.

A ranar manhajar kiran motar asibiti suka turo mata, sabuwar da suke shirin fitarwa. Tana da tsohuwar a wayar tun da daɗewa, ɗanta ne ya sa mata saboda hawan jininta.

“Me kika gani?”

“Wani jan abu ne babba a tsakiya.”

“Wannan na san shi, sun gyara, yanzu yana faɗin sunansa. Daga sama fa?”

“Akwai layi rawaya, da rubutu a ciki.”

“Karanta min.”

Na haɗa baƙaƙen a hankali, kunya tana cina. “Gwa… gwaji.”

Ta kai yatsa wurin, ta bi shi hagu da dama. Muryar ba ta ce uffan ba.

“Kin ji ko? Shiru, kamar ke. Zana shi suka yi kamar hoto, mai ido kaɗai suka yi wa. A kunnena wannan da ta gasken tagwaye ne, suna ɗaya, murya ɗaya.”

Ta danna jan abin. Wata murya ta mace, mai sanyi, ta ce, “An karɓi kiranku. Mota tana hanya.”

Na zabura na miƙe. Anti ta yi dariya har da riƙe ciki.

“Zauna, matsoraciya, babu mai zuwa. Wannan motar a cikin waya take zaune, ko mai ba ta sha. Zan haɗa da sauran ƙorafin in tura musu ƙarshen sati. In ina turawa ɗaya-ɗaya sai su ce tsohuwar nan ta cika mita.”

Shi ke nan abin da aka yi, na koma kan gugata, na manta.

To da na ji faɗuwar nan, na ajiye dutsen guga a kan mazauninsa, na je ƙofarta. Har sallama na tsaya yi, sau biyu, don ban saba faɗa wa mutum ɗaki ba. Da ba a amsa ba na ɗaga labule.

Tana kwance a ƙasa tsakanin gado da tebur, ɗankwalinta ya zame. Shayi ya malale har ƙarƙashin kafaɗarta. Bakinta ya karkace gefe guda kamar an ja shi da zare, hannunta na hagu yana yashe a wani irin yanayi da ban taɓa ganin hannun mai rai a haka ba. Na dama kuwa ya damƙe wayar a kan ƙirjinta.

“Anti! Anti, me ya same ki?”

Ta juyo da kunnenta wajena, yadda take yi. Maganar da ta fito ba irin tata ba ce, kamar bakinta cike yake da ruwa.

“Na… ki…ra.”

Sai muryar nan mai sanyi ta fito daga ƙirjinta. “An karɓi kiranku. Mota tana hanya.”

Na ji wani sanyi ya sauka a cikina, na ce alhamdu lillahi. Na jawo matashi na tallafe kanta, na goge mata baki da gefen mayafina. Sai da na gama wannan, ina durƙushe, abin jiya ya faɗo min a rai.

“Anti,” na ce a hankali, “ta gasken ce kika danna?”

Ta yi wani ɗan ƙaramin tsaki da rabin bakin da ya rage mata, ta gyaɗa kai. Na gane abin da take nufi. Matar da take koya wa masu digiri aikinsu, ni ce zan tambaye ta ko ta san wayarta? Na gyara mata matashin.

Hantsi ne, lokacin da gidanmu yake zama kamar an share shi. Yara suna makaranta. Yaya ya fita tun asuba da bokitan fentinsa. Matarsa tana shagon ɗinki, da wayar da muke haɗawa ni da ita a jakarta. Sauran 'yan haya kowa ya kulle ɗakinsa ya tafi nema. Babu abin da ake ji sai janaretan Mai Walda a tsallaken titi, da ƙarar ƙarfen da yake yankawa.

Na ce, “Bari in buɗe musu babbar ƙofa, kada su zo su wuce.”

Na fita da gudu, na zare sakata, na wangale ƙofar. Na duba titi sama da ƙasa. Babu komai sai wata motar burodi a ƙofar shago da wani kare a inuwa. Na hango Mai Walda ya duƙufa, baƙin gilashi a fuskarsa. Na yi tunanin in kira shi. Sai na ce a raina, in ce masa me? Ai mota tana hanya. Ban taɓa yi masa magana ba in ban da gaisuwa, ita ma kaina a ƙasa. Na koma ciki.

Ina durƙusawa ta saki wayar a kan ƙirjinta, ta lalubo wuyan hannuna ta riƙe. Ban san tana da ƙarfi haka ba.

“Kar… ta…fi.”

“Ina nan, Anti. Babu inda za ni.”

Muka zauna muna jira. Hasken rana da ya shigo ta ƙasan labule yana bakin ƙofa lokacin da na shigo. Ina kallonsa yana rarrafowa a kan siminti. Duk motar da ta ratso titi sai in ɗaga kai, in ji ta matso, in ji ta wuce. Can kuma sai muryar ta ce, “Mota tana kusa da ku. Ku kwantar da hankalinku.” Sai in kwantar da hankalin nawa na ɗan lokaci.

Na yi ta yi mata surutu, ni da ba na magana. Na ce mata yanzu za su zo, allura ɗaya za a yi mata ta miƙe. Na ce ɗanta zai dawo ya same ta tana zagin mutanen ofis. Ban san ko tana ji ba. Tururuwa suka gano shayin da ya zube, suka yi layi daga ƙarƙashin gado. Agogonta mai magana da ke kan tebur ya faɗi lokaci, ban ma fahimci abin da ya ce ba.

Sai ta yi amai. Na juya ta gefe da ƙyar, na share da zanin da na jawo daga kan gado. Bayan nan numfashinta ya canza, ya koma kamar minshari, yana tsayawa, sai na ƙirga a raina na fara kuka sannan ya dawo. Hasken nan ya kai ƙafar tebur, ya fara hawa.

“Mota tana kusa da ku. Ku kwantar da hankalinku.”

A wannan karon na lura. Yadda ta faɗa ɗazu haka ta faɗa yanzu, ko numfashi bai bambanta ba. Kusa, kusa, tun ɗazu kusa. Ko daga wani gari motar ta taso ai ya ci a ce ta iso.

Na zare hannuna daga nata a hankali, na ɗauki wayar. Baƙa ƙirin, fuskata kawai nake gani a ciki. Na taɓa ta da yatsa ɗaya, sai ɗaya muryar, mai saurin nan, ta watso min magana kamar an zubar da tsakuwa a kwano. Ban kama ko kalma ɗaya ba. Na janye yatsana kamar na taɓa wuta. In ta gasken ce fa? In na taɓa inda bai kamata ba na kori motar, alhali tana kan kwanar gidanmu? Da wane baki zan gaya wa ɗanta?

Na dubi Anti. Leɓenta ya fara canza launi.

Na haɗa yatsu uku kamar yadda nake ganin tana yi, na buga sau ɗaya. Muryar ta faɗi wani abu, haske bai zo ba. Na buga sau biyu. Ta faɗi wata gajeriyar kalma, sai ɗif. Na taɓa nan, na taɓa can, shiru. Na kashe mata muryar. Ga waya baƙa, ga shiru, ga Anti tana minshari a gabana. Tunda nake ban taɓa jin ɗakin nan babu murya ba.

“Anti, yaya ake yi? Don Allah, Anti, sau nawa ne?”

Na ci gaba da bugawa da yatsu ukun, ba lissafi, ina kiran sunan Allah. Muryar ta dawo. Ta sake ɗaukewa. Ta dawo. Sai kuma haske ya kawo gaba ɗaya, har ya kashe min ido.

Ga taswira. Ga wata 'yar farar mota ƙarama tana tafiya a kan layi, ta kai ƙarshe, ta juyo, ta sake bin inda ta fito. A gefen layin akwai kogi shuɗi. Mu kuwa babu kogi a unguwarmu, ko a kusa da ita. Na ɗaga idona sama. Layi rawaya. Wannan karon ban tsaya haɗa baƙaƙe ba.

Ban san lokacin da na fita ba. Na tsinci kaina a tsallaken titi, babu takalmi, a bayan Mai Walda.

“Baba,” na ce. “Baba Mai Walda.”

Ko ni ban ji kaina ba. Tartsatsin wuta yana ta tashi, janareta yana girgiza ƙasa. Na sake kira, bai ko waiwayo ba. Na duba, na ga wata 'yar jar makunna a jikin janaretan. Na kai hannu na murɗe ta.

Duk titin ya yi tsit. Mai Walda ya ɗaga gilashinsa, ya juyo da ido jajur.

“Wane ɗan… Ke! Ƙanwar mai fenti? Kanki ɗaya kuwa?”

“Anti Rediyo za ta mutu!”

Ihu na yi. Har Mai Shago ya fito da guntun sabulu a hannu, karen nan ya tashi ya gudu.

Mai Walda bai sake tambayar komai ba. Ya jefar da abin hannunsa, ya bi ni. Da ya ga Anti a ƙasa ya ce innalillahi, ya cire hularsa ya mayar.

“Tun yaushe take haka?”

“Tun ɗazu.”

“Tun ɗazu kina zaune? Me kike jira?”

Daga hannuna muryar ta ba shi amsa. “Mota tana kusa da ku. Ku kwantar da hankalinku.”

“To ai ga shi an kira mota.”

“Ba ta gaske ba ce, Baba. Babu mai zuwa.”

Ya dube ni, ya dubi wayar, bai gane ba, kuma bai tsaya ganewa ba. Ya leƙa waje ya ƙwala wa direban motar burodi kira.

“Kai, Mai Burodi! Juyo da akwalar nan taka, da baya, har bakin ƙofa!”

“Baba, ina da sauran shaguna fa, maigidana zai…”

“Maigidan naka ya zo ya same ni! Juyo, na ce!”

A cikin bargonta muka ɗauke ta, mu huɗu da Mai Shago. Mai Burodi ya ture farantan katako gefe, muka shimfiɗe ta a tsakiya. Na shiga na ɗora kanta a cinyata. Mai Walda ya zauna gaba, rabin jikinsa a waje ta taga.

Bayan motar babu taga, duhu ne da zafi da ƙanshin burodin da bai huce ba. Duk ramin da muka faɗa sai kan Anti ya yi tsalle a cinyata, farantai su zamo, in tare su da kafaɗa. Ba na ganin hanya, sai dai in ji. Na ji mun shiga cunkoso, mun tsaya cik. Na ji Mai Walda yana dukan jikin motar da tafin hannu.

“Mara lafiya ne! Ku ba da hanya! Kai mai jar mota, ubanka ne ya gina titin? Matsa!”

A cikin wannan tsayuwar ne Anti ta motsa. Hancinta ya buɗe, ta ja iska. Hannunta na dama ya tashi yana lalube, ya sami faranti, ya sami ledar burodi, ya matsa ta.

“Bu…ro…di?”

“Eh, Anti. Motar burodi ce. Mun kusa.”

Wani sauti ya fito daga maƙogwaronta. Na rantse dariya ce. Sai jikinta ya saki, na ɗauka ta sake sumewa. Can hannun ya taho ya sami fuskata, ya tsaya a kumatuna.

“Gwa…ji?”

Na so in yi mata ƙarya. Bakina ya ƙi.

“Eh, Anti.”

Ta yi wannan ɗan tsakin nata. Ba da ni take ba, na san irin wanda take yi wa waya ne in ta kama ta da laifi. Ta ɗan bubbuga kumatuna sau biyu da yatsunta, hannun ya zame ya sauka a kan ƙirjinta. Ba ta ƙara magana ba.

A asibiti aka fito da gado mai taya. Wata nas doguwa tana tura gadon tana jefo min tambaya.

“Ke ce 'yarta?”

“Maƙwabciya ce.”

“Ƙarfe nawa ta faɗi?”

“Ban duba ba. Da hantsi.”

Ta dubi agogon hannunta, ta dube ni. Ta ci gaba da tura gadon. Da ma ta zage ni.

Suka shige da ita wata ƙofa mai murfi biyu, aka bar mu a kan benci. Mai Burodi ya tsaya yana jujjuya makulli, Mai Walda ya ce masa ya tafi, Allah ya yi albarka. Shi kuma ya fita waje neman lambar ɗan Anti a wurin direbobin da ya sani. Na zauna ni kaɗai, ƙafata babu takalmi a kan tayil mai sanyi, amai ya bushe a zanina. Mutane suna wucewa suna kallona. Wayar tana cinyata, na kifa ta, don ba na son ganin 'yar motar nan.

Rana ta karkata sosai kafin likita ya fito. Yaro ne, bai fi Yaya ba. Mai Walda ya dawo a lokacin, shi likitan ya yi wa magana. Ya ce jijiya ce ta fashe a cikin kai, jinin ya yi yawa. Ya ce sun yi iya yinsu.

Na ji bakina yana tambaya, ban san na buɗe shi ba. “Da an kawo ta da wuri fa?”

Ya dube ni. “Ƙanwata, irin wannan, wani ko a ƙofar asibiti ya faɗi ba ya tashi. Wani kuma yana tashi. Ba zan iya ce miki ga yadda za ta kasance ba.”

Mai Walda ya dafa bango yana salati. Ni ko hawaye ban samu ba. A daidai wannan lokacin ne wayar ta yi wata 'yar ƙara mai daɗi, irin ta ƙararrawa, daga cinyata.

“Motarku ta iso. Mun gode da haƙurinku.”

Likitan ya waiga yana neman mai maganar. Na danne wayar da hannu biyu a cikina, kamar yadda ake toshe bakin yaro.

Ɗanta yana can wata ƙasa da kaya, ya ce a jira shi kafin a yi jana'iza, zai kwana yana tuƙi. Da yamma gidanmu ya cika. Aka fito da benci da tabarmi, mata a tsakar gida, maza a waje. Kowa yana faɗin alherinta, kowa yana cewa hawan jini mugun abu ne. Matar Yaya ta ba ni ruwa na wanke jikina, ta sa ni a gaba sai na ci abinci, na kasa.

Wayar tana kan tabarma kusa da ni sai ta fara ruri, muryar tana faɗin sunan ofis. Matar Yaya ta ɗauka ta yi ta dannawa, ta ƙi amsuwa.

“Wannan wace irin waya ce? Ke, kin iya?”

Na karɓa. Na sha ganin Anti tana amsa kira, yatsu biyu take bugawa. Wata budurwa ce, muryarta cike da fara'a.

“Anti, ina wuni? Yau duk ofis an yi kewar zaginki. Lafiya dai ko?”

Matan da ke kusa suka zuba min ido. Na ji harshen nan nawa ya fara nauyi. Na tashi na koma bayan ɗaki, wajen igiyar shanya.

“Ba ita ba ce. Maƙwabciyarta ce. Anti ta rasu ɗazu.”

Ta yi salati, ta sake yi. Na bari ta gama, sannan na gaya mata. Na faɗi yadda ta faɗi, da abin da ta danna, da yadda muka zauna. Na ce akwai layi rawaya a sama, amma muryar ba ta karanta shi. Na ce Anti ta gano tun jiya, ta ce za ta turo musu ƙarshen sati.

Sai na ji tana kiran wasu, na ji an ja kujeru, wani namiji ya ce, “Baiwar Allah, don Allah maimaita, a hankali.” Na maimaita. Ya tambaye ni me muryar take cewa daidai, na faɗa masa, har da na ƙarshen.

“Akwai wasu makafin da kuka tura wa?” na tambaya.

“Akwai,” in ji shi. “Yanzu za mu kira su ɗaya bayan ɗaya. Yanzun nan.”

Budurwar tana kuka a bayansa. Ban san yadda ake kashe kiran ba, na tsaya riƙe da wayar har suka kashe daga can.

Washegari na riga kowa tashi. Gari ya fara haske, tsakar gida duk a hargitse yadda masu zaman makoki suka bar ta. An jingina benci a bangon Anti. Wani ya bar buta a tsakiyar hanya, ga takalman yara, ga murhu an jawo shi har kusa da famfo. Tunda na zo gidan nan, aikina na farko kowace safiya shi ne in kwashe duk abin da ke kan hanyarta, daga ƙofar ɗakinta zuwa famfo, kafin ta fito. Ba ta taɓa sa ni ba, ban kuma taɓa gaya mata ni ce ba.

Na ɗauke butar. Na tattara takalman na jera su a gefe. Na ja murhun, na rungumi bencin na kai shi bakin zaure. Sai da na ɗauke shi na ga bangon sosai. Daidai tsayin ƙugu akwai wani dogon layi da ya yi duhu, ya yi santsi, tun daga ƙofarta har famfo, inda yatsunta suke bi.

Na share wurin tas. Na ɗauko bokitinta na tara ruwa, na kawo shi bakin ƙofarta na ajiye daga dama, a jikin bango, inda ƙafa ba za ta yi karo da shi ba. Sannan na zauna a kan dakalin, ina jiran ɗanta.